Yadda muke kai ajin ƙarshe na sashen lantarki jarrabawar NABTEB, daga rajista har karɓar shaida

Wannan bayani na malaman da aka ɗora wa shugabancin sashe ne a makarantar koyon sana'a, ba tare da wani ya zaunar da su ya faɗa musu abin da ke gabansu ba. Na koyar da aikin wayarin a wata kwalejin fasaha ta gwamnatin jiha, na riƙe sashen lantarki, daga baya aka mai da ni ofishin shiyya ina zagaya makarantu ina duba ɗakunan aiki da takardun ɗalibai. Abin da na gani a ko'ina iri ɗaya ne: yaran da suka faɗi ko suka rasa shaida, yawancinsu ba a ranar jarrabawa suka faɗi ba. Tun watanni baya abin ya lalace, ko a takarda ko a sito. Zan bi shekarar ajin ƙarshe daki-daki, in yi misali da wani aji mai yara 36 da na kai jarrabawa, saboda lissafin kaya ya fito fili.

Hukumar da ke shirya jarrabawar ita ce NABTEB, wadda aka kafa a 1992, hedikwatarta na Benin ta jihar Edo, tana kuma da ofisoshi a jihohi. Kafin zuwanta, 'yan makarantun fasaha jarrabawar City and Guilds ta Ingila da ta sashen fasaha na WAEC suke zaunawa, shi ya sa har yau tsofaffin ma'aikata ke tambayar yaro ko yana da "siti an gil". 'Yan makaranta suna zana tasu a watannin Mayu da Yuni, masu zaman kansu kuma a Nuwamba da Disamba. Shaidar da ɗan sashen lantarki ke nema ita ce NTC, wato shaidar fasaha ta ƙasa. Manhajar da muke koyarwa kuwa daga NBTE take fitowa, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna tun 1977. Sabon shugaban sashe ya riƙe wannan bambanci, domin na sha ganin an kai tambayar manhaja ofishin jarrabawa, an kai ta jarrabawa ofishin manhaja, a dawo hannu rabbana.

Aikin yana farawa ne a makon farko na zangon farko, cikin Satumba, kuma ba da filaya yake farawa ba, da suna yake farawa. Na tara yaran na ce kowa ya kawo takardar NIN ɗinsa, da shaidar kammala ƙaramar sakandare, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru. Na zauna da malamin aji muka jera takardun uku na kowane yaro a kan tebur muna karantawa harafi-harafi. A nan ake ganin abin mamaki. Yaro ɗaya Muhammad ne a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mamman a rajistar aji. Wani sunan mahaifinsa ne a tsakiya a wata takarda, a wata kuma sunan garinsu aka sa a ƙarshe. Wani an haife shi sau biyu, shekara biyu tsakani. Dalilin wannan wahala shi ne tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, kuma sunan da ke kan NIN shi take ɗauka. In sunan da ke shaidar NABTEB ya saɓa da shi, ranar tantancewa a kwaleji za a tsayar da yaron, a lokacin kuma malaminsa ba ya kusa. Ƙa'idar da muka bi ita ce sunan NIN shi ne alƙali. In shi ne ke da kuskure, sai uban yaro ya je kotu a yi takardar rantsuwa, a kai ofishin hukumar katin ɗan ƙasa a biya kuɗin gyara. Gyaran yana cin lokaci, shi ya sa ake farawa da shi. Wani dattijo da na kira kan wannan ya ce mini, "Malam, duk sunan nan ai nasa ne, mu muka raɗa masa." Na ce, "Haka ne Baba, amma kwamfuta ɗaya kawai ta sani, a taimaka a bar masa shi." Da aka yi masa bayanin abin da zai faru nan da shekara ɗaya, washegari ya zo da takardar kotu.

Cikin wannan zangon dai nake rubuta takardar neman kuɗin kayan aiki. Tana bi ta hannun mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu, ta je wurin shugaban makaranta, shi kuma ya aika da ita ofishin da ke sama da mu. Abu uku ke sa takardar ta yi tafiya: jerin kaya da adadinsu, farashi daga shaguna uku a kan takardunsu masu hatimi, da jerin sunayen yaran da za su zauna. Takardar da aka rubuta "kayan aikin jarrabawa" da jimlar kuɗi kawai, tebur take kwana. Na kuma koyi raba buƙatar gida biyu, kayan atisaye da kayan jarrabawa, kowanne da takardarsa. In aka haɗa su, abin da aka saki ba ya isa, sai makaranta ta kulle shi don ranar jarrabawa, yara su shekara ba su taɓa waya ba. Duk takardar da na miƙa sai na riƙe kwafi mai hatimin "an karɓa" da kwanan wata. Jiran amsa shi ne ɓangaren da ya fi cin rai a aikin nan. Ka je a ce fayil na wurin akanta, ka koma a ce mai sa hannu ya yi tafiya, kana ƙirga makonnin da suka rage, farashin waya kuma na hawa a kasuwa. Saboda haka nake sa ƙarin kashi goma cikin ɗari a lissafi, in rubuta dalilinsa a fili. Lokacin da na koma ofishin shiyya na ga abin daga ɗaya ɓangaren: takardun makarantu da yawa ne a kan tebur ɗaya, wadda ta zo da lissafi tsaf da kuma mai bibiyarta cikin ladabi ita ake fara ɗauka.

Kafin kuɗi su fito ba a zama. Sito muka buɗe muka fitar da duk abin da ya rage daga bara. A makarantu da dama, bayan siton akwai injuna tun na zamanin da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, wasu ba a taɓa fitar da su daga akwati ba saboda babu wutar da za ta ja su ko wanda aka koya wa haɗa su. Ba su ne matsalar sashen lantarki ba. Mu abin da ke kashe mu ƙananan kaya ne masu ƙarewa da masu ƙafa: filaya, sukundireba, testa, zarto, tef, sukurori. Na buɗe littafin sito, kowane yaro ya sa hannu in ya karɓa, ya sa in ya mayar, aka kuma zana siffar kowane makami a jikin allon da ake rataye shi, ta yadda da kallo ɗaya za a san wanda bai dawo ba. Tsofaffin wayoyin da aka zare daga allunan bara su muka miƙar muka fara atisaye da su.

Rajistar jarrabawa takan buɗe watanni kafin Mayu, kuma akwai tarar makara ga wanda ya wuce wa'adi. Jami'in jarrabawa na makaranta shi ke hulɗa da ofishin NABTEB na jiha, amma kada shugaban sashe ya sakar masa komai, domin shi bai san darussan sashenka kamar kai ba. Kuɗin rajista yana canzawa shekara-shekara, a wasu jihohin gwamnati ke biya wa waɗanda suka ci jarrabawar tantancewa, a wasu kuma iyaye ne. Ko waye ke biya, a nemi sanarwar hukumar ta wannan shekarar a karanta da ido, kada a dogara da "an ce". Tun da aka shigo da asusun bai ɗaya na gwamnatin tarayya a 2015, biyan kuɗin hukumomin tarayya ta Remita yake bi, a riƙe lambar biyan da rasit ɗin banki a fayil ɗaya. Ana ɗaukar hoton yaro da zanen yatsunsa. Ga 'yan sashen aikin hannu akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: yaran da ke zuwa gareji ko aikin gini da yamma yatsunsu sun goge ko sun tsage, musamman da hunturu, na'ura sai ta ƙi karantawa. Mukan ce su riƙa shafa mai da dare na 'yan kwanaki kafin ranar, su wanke hannu su goge sosai kafin su ɗora.

Wurin zaɓen darussa nan ne aka fi yi wa yara illa ba da gangan ba. Darussan NTC kashi uku ne: na gama-gari irin su Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, masu alaƙa da sana'a irin su zanen fasaha da tushen ilimin lantarki, sai sassan sana'ar kanta, wato wayarin na gida da na masana'anta, haɗa kebul, cajin batir, da naɗin wayar injunan lantarki. Mai shigar da bayanai a kwamfuta yana iya tsallake darasi ɗaya, ko ya sa wa ɗan lantarki darasin 'yan sashen rediyo da talabijin saboda sunayen sun yi kama. Don haka kafin a aika, na sa aka buga takardar kowane yaro, ya karanta sunansa da ranar haihuwarsa da darussansa a gabana, ya sa hannu, ni ma na sa. Makin gwaje-gwajen cikin makaranta shi ma ana buƙatarsa, a tabbata malamai sun cike shi daga littafin maki na gaskiya, ba a zauna dare ɗaya a ƙirƙira ba. Gyara kafin a aika kyauta ne, bayan an aika kuwa kuɗi ne da wasiƙu da jira.

Da kuɗin atisaye suka fito a zango na biyu, na tafi kasuwa da kaina tare da ma'ajin sito, da mitar awon wuta a aljihu. Ga lissafin da na yi wa yara 36, a kan aikin allo mai fitila ɗaya da makunni biyu, da soket ɗaya, da ƙaramin akwatin rarraba wuta. Wayar fitila mai kaurin 1.5 (da murabba'in milimita ake faɗin kaurin waya), ja mita bakwai ga kowane yaro, saboda wayoyi biyun da ke tsakanin makunnan suna cin tsawo, jimla mita 252, wato naɗi uku masu mita ɗari-ɗari. Baƙa da koriya mita uku-uku, kowacce mita 108, naɗi biyu-biyu, ragowar ta zama ta gyara. Wayar soket mai kaurin 2.5, mita biyu na kowane launi ga yaro, mita 72, naɗi ɗaya-ɗaya. Bututun roba mai milimita 20, sanda biyu ga yaro, 72, na ƙara takwas don waɗanda za su fashe wurin lanƙwasa. Sai makunnai masu hanya biyu 72, soket mai amfiya 13 guda 36, kawunan fitila, akwatunan haɗi, da maƙalan da ake kafe bututu da su. Waya kaɗai ta cinye fiye da rabin kuɗin, kuma a wurinta ake cuta.

Akwai waya mai kyau ta gida, irin ta Nocaco a Kaduna, Cutix a Nnewi, da Coleman, amma ana buga sunayen kamfanoni a jikin jabu, don haka suna kaɗai ba ya wadatarwa. Gwaji uku nake yi a gaban mai shago. Na farko in feƙe bakin wayar in kankare ta da wuƙa: in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyon ne aka shafa wa tagulla. Na biyu kauri: waya mai ƙwaya ɗaya ta 1.5 faɗin tagullarta milimita 1.38 ne, ta 2.5 kuma 1.78, ana aunawa da ma'aunin kauri na sashen ƙere-ƙere. Na uku shi ya fi sauri: a nemo bakin naɗin biyu a ɗora mita a ma'aunin om. Mita ɗari na tagulla mai 1.5 zai ba da kusan om 1.2, mai 2.5 kusan 0.74. A fara haɗa bakin wayoyin mitar kansu a ga abin da suke karantawa a cire shi daga sakamakon. In ka ga om biyu ko fiye a naɗin 1.5, ko an rage kauri ko ba tagulla ba ce. In kuma ya yi ƙasa sosai, mai yiwuwa naɗin bai cika mita ɗari ba. A wani shago da na yi wannan gwaji, mai shagon ya yi dariya ya ce, "Malam, da ka ce na makaranta ne ai da na ɗauko maka na ciki." Ya shiga ya fito da wani naɗin, farashinsa ya fi, awonsa kuma ya cika. Jabun waya a ɗakin atisaye tana karyewa a ƙarƙashin sukuru, yaro ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba.

Atisayen kansa shi ne zuciyar shekarar, kuma a nan nake da ra'ayi mai tsauri. Aikin rukuni na yara shida a allo ɗaya yaudara ce. Ɗaya ne ke aiki, wanda dama yana bin wani mai wayarin a unguwa, biyu na miƙa masa kaya, uku na hira. Gara a raba ajin gida uku, yara goma sha biyu su shiga kowa da allonsa, sauran su yi zanen da'ira a aji, a riƙa juyawa. Allon falanki ne mai tsawon santimita 120 da faɗin 90, a kafe shi a tsaye, domin bango a tsaye yake, yaron da ya saba aiki a kan tebur hannunsa rawa yake in an tayar da allon. Mun fara da awo da zana layi da alli, sai yankan bututu da goge bakinsa don kada ya yanki rigar waya, sai lanƙwasa. Ana zura sifirin ɗin lanƙwasa a cikin bututun a lanƙwasa a gwiwa a hankali, a ɗan zarce inda ake so saboda yana komawa baya kaɗan. Da sanyin hunturu robar na yin tauri ta fashe, sai a murza wurin da tsumma har ya yi ɗumi tukuna. Ba a zura waya sai an gama kafe bututu duka, kuma a zura wayoyin tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba, don kada ta baya ta goge rigar ta farko.

Fitila mai makunni biyu ita ce ke raba wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Kowane makunni ƙafa uku gare shi, uwa ɗaya da 'ya'ya biyu. Wayar wuta daga akwatin rarrabawa tana shiga uwar makunnin farko, wayoyi biyu su haɗa 'ya'yan wannan da na wancan, daga uwar na biyu a tafi fitila, nutural kuma, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ta wuce kai tsaye zuwa fitilar ba ta ratsa makunni ba. In yaro ya sa wayar wuta a ɗiya maimakon uwa, fitilar za ta kama daga gefe ɗaya, amma in an kashe daga can ba za ta kunnu daga nan ba. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne sa makunni a kan nutural. Fitila za ta kama ta mutu yadda ake so, mai kallo ya ce aiki ya yi, alhali kan fitilar na ɗauke da wuta ko a kashe, mai canza ƙwai kuma shi zai ji a jikinsa. A soket, in kana fuskantarsa, wuta a dama, nutural a hagu, wayar ƙasa a sama. Ana feƙe kamar santimita ɗaya, kada tagulla ta leƙo a wajen sukuru, kada kuma sukuru ya danne roba. Launi ma sai an koya iri biyu, domin a gidajenmu za su tarar da tsohon tsari na ja da baƙi da kore, su kuma tarar da sabo na ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya. Layin fitila bireka mai amfiya 6 ake sa masa, soket da aka ja layi ɗaya da wayar 2.5 amfiya 20, wanda aka yi wa zobe kuma, wato wayar ta zagaya ta dawo akwatin rarrabawa, 32.

Ba na bari a ba allo wuta sai yaro ya gwada shi a mace. Ya duba da ido, ya auna cewa kowace waya ta isa inda aka nufa musamman ta ƙasa, sannan ya ɗora mega, na'urar da ke tura bolt 500 don auna lafiyar rigar waya. Ana cire ƙwai, a kunna makunnai, a auna tsakanin wayoyin da kuma tsakaninsu da ta ƙasa, kada sakamakon ya gaza megom ɗaya. Daga nan ya tabbatar makunni a kan wayar wuta yake. Makarantu da yawa mega ɗaya gare su ko babu, malamai su riƙa zana ta a allo. In babu, a aro daga wani ɗan kwangila ko kwalejin kimiyya da fasaha ta kusa, kowane yaro ya riƙe ta da hannunsa ko sau ɗaya ne, domin mai jarrabawa yana iya miƙa masa ita ya ce gwada.

Ana sauran 'yan makonni jerin kayan da hukumar ke so a tanada don jarrabawar aikin hannu yake isowa makaranta. Takardar sirri ce, tsakanin shugaban makaranta da shugaban sashe. Ba ta faɗin tambaya, tana faɗin kaya da adadinsu ga kowane ɗalibi. Wanda ya riga ya tanadi kuɗin kashi na biyu kwana biyu sun ishe shi ya haɗa komai, wanda kuwa sai a lokacin zai fara rubuta takarda, to ba a fafe gora ranar tafiya. Na ƙulla kayan kowane yaro a leda da lambar jarrabawarsa a jiki, na rubuta lambar a kan allonsa. Na sa aka gyara janareta aka sayi mai, domin ba a dogara da wutar gari a irin wannan rana. Na tanadi akwatin taimakon gaggawa, da bokitin yashi, da randar ruwan sha, saboda Mayu ne, ɗakin aiki kuma rufin kwano gare shi.

Ranar aikin hannu mai jarrabawa daga waje yake zuwa. Ya duba katin kowane yaro da hotonsa, ya duba kaya, ya buɗe ambulan tambaya a gaban kowa. Daga nan aikin malami ya ƙare sai miƙa abin da ya lalace. Wannan tsayuwa a bakin ƙofa tana da wuya: kana hango yaron da ka san ya iya yana shirin yanke bututu gajere, ba ka da ikon tari ma. Abin da na lura masu jarrabawa na dubawa ya wuce kamawar fitila. Suna sa tef su auna ko nisan da ke zane shi ne a allo, su duba miƙewar bututu da kyan lanƙwasa, su buɗe makunni su ja waya su ga ko za ta zare, su kalli yadda yaro ke riƙe makami da yadda ya bar wurinsa. Sukan kuma yi tambaya da baki: me ya sa ka sa wannan kaurin a nan, me zai faru in wayar ƙasa ta katse. Da Turanci ake tambayar, shi ya sa a atisaye nake bayani da Hausa har su gane, sannan in sa su maimaita da Turanci da sunayen kayan yadda suke a littafi. Yaran da suka makara a wannan aji ba rashin iyawa ba ne, lokaci suka ɓata wurin ƙawata bututun farko. Tun daga nan atisayen watan ƙarshe da agogo muke yin sa.

Takardun rubutu suna biyo baya, kuma a nan 'yan fasaha ke sakaci. Yaro ya ga ya gama aikin hannu sai ya ɗauka ya gama jarrabawa. Sakamako kan fito bayan 'yan watanni, ana dubawa a intanet da lambar jarrabawa da katin dubawa, makaranta kuma ta karɓi jerin nata. Hanya biyu ce a cikin sakamakon nan. Cin sassan sana'a shi ke tabbatar da yaro a matsayin ƙwararren mai aikin hannu. Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi su ke buɗe masa ƙofar ci gaba da karatu, ɗan lantarki kuma yana buƙatar Fiziks, galibi har da Kemistiri. A wannan aji gwanayen allo da yawa Turanci ne ya tare su. Ba a yar da su: yawancin makarantu na karɓar sakamakon zama biyu, sai su sake zana abin da suka rasa a Nuwamba da Disamba. Daga wannan shekarar na roƙi malaman Turanci da Lissafi su riƙa ba ajin ƙarshe darasin yamma tun zangon farko, na kuma ba malamin Lissafi tambayoyin dokar Om da lissafin ƙarfin wuta ya riƙa misali da su. Wanda ya samu kiredit ɗinsa ya tabbata an ɗora sakamakon a shafinsa na JAMB a cibiyar da aka amince da ita, in ba haka ba ba za a ba shi gurbi ba ko da makinsa ya kai. Masu sha'awar koyarwa ina nuna musu kwalejojin ilimi na fasaha na tarayya da ke Bichi, Potiskum da Gombe, 'yan mata kuma ga ta Gusau da aka keɓe musu. Akwai kuma ANTC, shaidar gaba da NTC, ga mai son zurfafawa a sana'ar.

Saura takarda ɗaya da makarantu ke mantawa da ita, wato shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya. Ba ta da alaƙa da NABTEB, a ofishin ma'aikatar na jiha ake nemanta. Mataki uku ce, ana farawa daga na uku, a hau na biyu, a ƙare a na ɗaya, da tazarar aiki a tsakani. Ana cike fom, a kai hotuna da wasiƙar makaranta ko ta maigidan da aka koyi aiki a wurinsa, a biya ta hanyar hukuma a karɓi rasit, jami'in gwaji ya yi wa mutum tambayoyi ya kuma ga aikinsa. Kamfanoni da ma'aikatun gwamnati na tambayarta wurin ɗaukar masu aikin hannu. Na fi son makaranta ta rubuta wasiƙa ɗaya da jerin sunaye ta nemi a yi wa ajin gaba ɗaya kafin su watse, domin da zarar sun koma garuruwansu tattaro su ba ya yiwuwa. A guji masu cewa a kawo kuɗi da hoto su kawo shaida gida ba tare da gwaji ba, irin wannan takarda ranar da aka bincika lambarta take zama abin kunya. Wanda zai kafa kansa yana karɓar kwangilar wayarin kuma ya san cewa NEMSA, hukumar da aka kafa da dokar 2015, ita ke ba masu haɗa wuta takardar izini, COREN kuma, hukumar kula da aikin injiniya, tana da rajistar masu aikin hannu, ba ta injiniyoyi kaɗai ba.

Asalin shaidar NTC takan iso makaranta daga baya, bayan yaran sun daɗe da tafiya. Kafin su fita nake karɓar lambar waya biyu daga kowa, tasa da ta wani babba a gidansu, in rubuta a littafi ɗaya da lambar jarrabawarsa. In shaidu sun iso a duba sunaye da jerin da suka sa wa hannu lokacin rajista, wadda ke da kuskure a rubuta wasiƙa nan take da kwafin waccan takardar a haɗe. Allunan jarrabawa kuma kada a taɓa su sai mai jarrabawa ya gama ya ba da izini. Bayan nan a sa 'yan aji biyu su kwance su a hankali, a ware makunnai da soket masu lafiya a kwali, a naɗe wayoyin da suka kai mita ɗaya bisa launi da kauri, a shigar da adadinsu littafin sito, da su sabon ajin ƙarshe zai fara aiki a Satumba kafin takardar neman kuɗi ta dawo.